Rijiya ta bayar, guga ya hana: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar Jigawa

Mai girma Kakakin Majalisa,
Masu girma shugabannin kwamitin ruwa, da na kasafin kuɗi, da na bin diddigin asusun gwamnati,
Da sauran wakilanmu baki ɗaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya taya ku riƙo, ya sa ku gama lafiya.

Ni tsohon malamin firamare ne. Na ajiye alli bayan shekara 35, yanzu kuma ni ke riƙe da littafin kwamitin ruwa da tsafta na garinmu, a ƙasar Birnin Kudu. Kwamitocin ƙauyuka shida ne suka zauna a zauren dagaci bayan sallar Juma'a, maza a ciki, mata a bakin ƙofa kan tabarmi, aka ce tunda ni na saba da biro, in rubuta muku da yawunsu. Sau biyu na karanta musu takardar nan kafin ta fito, kuma akwai wuraren da matan suka sa na gyara.

Ga abin da ya tayar da maganar. A bazarar da ta wuce mun yi sawu uku zuwa ofishin ɗaya daga cikin hukumomin da ke kula da ruwa. Ba zan kama sunanta ba, domin gyara muke nema. Buƙatarmu biyu ce: a turo masu safiyo su auna mana ƙasa kafin a sake haƙa rijiyar burtsatse, kuma a ɗebi ruwan da muke sha a gwada. A zuwa na uku wani jami'i, mutumin kirki da ya ga furfurata ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya rage murya ya ce, "Baba, ku daina kashe kuɗin mota. Kuɗin bincike na bana an riga an taɓa shi. 'Yan wucin gadi sun yi watanni ba a biya su ba, da shi aka sallame su, aka haɗa da wasu alawus. Ai duk kuɗin hukuma ne, duk kanwar ja ce." Na ce, "Ɗana, Majalisa ta san da haka?" Ya yi jim, sannan ya ce, "Wannan kuma sai manya."

Shi ya sa muka kawo maganar gabanku, ranku ya daɗe. Shin hukumar ruwa tana da ikon ɗaukar kuɗin da kuka ware wa bincike ta biya albashi da shi? Fahimtarmu ita ce ba ta da wannan iko, sai ta ƙofa ɗaya, makullin ƙofar kuwa yana hannunku.

Bari in fara da abin da rashin binciken ya ja mana. A takardar kasafi, bincike yana kama da abin da za a iya ɗagawa zuwa baɗi ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba. Mu mun ji.

Shekara uku da suka wuce aka kawo mana motar haƙa. Ranar kamar Sallah. Yara sun bi ta da gudu tun daga bakin titi, mata na guɗa ta kan katanga. Ɗan kwangilar ya sauko, ya duba gabas ya duba yamma, ya tambayi mai unguwa inda ya fi kusa da masallaci da hanya, aka nuna masa fili, ya ce a kafa. Kwana biyu inji na ruri. Da fari jar ƙasa ta fito, sai tsakuwa, daga nan sai farin gari kamar toka, yana tashi yana rufe ganyen darbejiyar da ke wajen. Akwai wani tsoho a garinmu da ya ƙare ƙuruciyarsa yana haƙar rijiya da hannu. Ya sunkuya ya damƙi garin, ya murza a tafinsa, ya kai hanci, ya ce, "Wannan dutse ne zalla, ko danshi babu." Rana ta uku suka naɗe kayansu. Bututun yana nan har yau da murfinsa, awaki ke kwana a gindinsa. Rijiya ta biyu da aka haƙa bayan shekara ta ba da ruwa, amma daga watan Maris sai a yi ta tuƙa famfo yana huci, sai damina ta zauna sannan ya farfaɗo.

Wannan ba tsautsayi ba ne, kuma duk injiniyan ruwa ya san dalili. Mu da ke kudu da yammacin jiha, daga Gwaram zuwa Birnin Kudu da Dutse har Kazaure, a kan dutse muke zaune. Ruwan ƙarƙashinmu yana maƙale ne a tsagar dutse da inda dutsen ya ruɓe, ta yadda za a samu a nan, a matsa taku hamsin a rasa. 'Yan'uwanmu na wajen Hadejia da Gumel da Birniwa suna kan rairayi da lakar da suka taru a kwarin tafkin Chadi, nasu lissafin daban ne. Saboda haka ake yin safiyo a irin ƙasarmu. A kafa turakun ƙarfe a jere, a ja waya, a saki wutar batir cikin ƙasa, na'ura ta karanta. Busasshen dutse yana ƙin wutar, ruɓaɓɓe mai ruwa yana karɓarta. Ba ya ba da tabbaci ɗari bisa ɗari, sanin gaibu sai Allah, amma yana rage caca ƙwarai, kuma kuɗinsa ɗan ƙalilan ne a kan kuɗin haƙa. Idan aka cinye kuɗin safiyo, asarar ba ta tsaya a kansa ba. Tana jan kuɗin haƙa, da na bututu, da na siminti, duk su bi shi cikin busasshen rami. A takarda kuma an rubuta cewa garin ya samu rijiya, don haka an cire shi daga layin masu jira.

Wa ke biyan wannan asara? 'Yan mata ne. Na koyar shekara da shekaru, na san kujerun da ke zama fayau a aji daga Maris zuwa Mayu. Yarinya ta fita da jarka tun kiran assalatu, ta dawo rana ta take, wuyanta na ciwo, ina ita ina darasin lissafi? Gidan da babu yara kuma sai a saya wajen 'yan ga-ruwa, a raba kuɗin cefane biyu.

Kukanmu na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne na gwajin ruwa. Ido yana ganin gurɓataccen ruwa idan ya yi ja ko ya yi kore. Abin da ya fi kisa kuwa yana iya zama cikin ruwa garai-garai, mai sanyi, mai daɗin sha. Najeriya tana da ma'aunin ingancin ruwan sha tun 2007. Ya ce kada sinadarin naitiret, wanda ke sulalowa daga takin zamani da masai, ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya. Kada fulorayid, mai ɓata haƙoran yara idan ya yi yawa, ya wuce miligiram 1.5. Ƙwayar cutar da ke nuna bayan gida ya taɓa ruwa kuwa, ko ɗaya kada a samu a mililita 100. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da dagaci ko liman ko ni za mu iya ganewa da harshe. Sai an ɗiba a kwalba mai tsabta, an sa a akwatin ƙanƙara, an kai ɗakin gwaje-gwaje cikin 'yan awoyi. Wannan yana buƙatar man babur, da ƙanƙara, da magungunan gwaji masu lalacewa idan sun daɗe a ajiye. Kuɗin waɗannan ƙananan abubuwa shi ne ake kira kuɗin bincike.

Kun fi mu sanin abin da ya faru a 2021, shekarar da amai da gudawa ya ratsa Arewa, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Kun ga ambaliyar 2022, yadda ruwa ya haye gonaki da gidaje, ya haɗa masai da rijiya ya mai da su tafki ɗaya. Ruwa ya janye, mutane suka koma rijiyoyinsu, domin ba su da wasu. A shekarar ce kuma, a watan Oktoba, aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili. Mun yi alfahari da haka, domin mu kwamitoci ne muka bi gida-gida muna lallashi har kowa ya haƙa masai. Amma nasarar tana da ɗawainiya a bayanta. Masai ya yawaita a cikin gari, rijiyoyin hannu kuma suna nan inda suke, wasu tazarar da ke tsakani ba ta kai mita 30 da ake ba da shawara ba. Yanzu ne ma gwajin ya fi zama dole. Akwai kuma ciwon ƙoda da jama'ar yankin Hadejia suka daɗe suna kuka da shi, su da maƙwabtansu na Gashuwa a Yobe. Mutane suna zargin ruwa, wasu suna zargin maganin feshi. Zargi ba ya warkar da kowa, ba ya kuma wanke ruwan idan ba shi da laifi. Gwaji ne zai raba gardama.

A nan ne wata dattijuwa a kwamitinmu, wadda ta yi kwana huɗu a bakin gadon jikarta ana ƙara mata ruwa, ta ce, "Malam, rubuta musu cewa mu ne masu kwana a asibiti. Su gaya mana wace rijiya za mu bari, mu bar ta. Iyakar abin da muke roƙo ke nan." Na rubuta kamar yadda ta faɗa.

Na uku ba a cika maganarsa ba, kuma shi ne ya fi damuna a matsayina na wanda ya saba da rajista. Albashin da aka jinkirta ana iya biyansa daga baya, a haɗa da ariyas. Awon zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa da ba a ɗauka a lokacinsa ba ya tafi ke nan. Idan ba a zura igiyar awo a rijiyoyin gwaji a watan Afrilun bara ba, babu kuɗin da zai dawo da Afrilun bara. Ruwan jiharmu kuwa yana canzawa a gaban idonmu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, yadda kogin Hadejia ke malala a fadama ya sauya, malalar nan kuwa ita ke shayar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse, wani ya bushe. Ga noman rani na shinkafa da alkama yana bunƙasa, kowa na buga rijiyar bututu a gonarsa, injin fetur da na sola suna zuƙa dare da rana. Muna murna da wannan arziki. Amma shin ana ɗiba fiye da abin da damina ke mayarwa? Amsar tana cikin awon shekara bayan shekara, ba tsallake. Duk shekarar da aka ci kuɗin awo, an yage shafi ɗaya daga littafin da jikokinmu za su nema.

Ina ƙaramin malami na ga zamanin kurkunu. Na ga ɗalibina zaune a bakin aji, ƙafa a kumbure, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kullum. Da aka tashi yaƙar cutar, da ƙirga aka fara. A 1988 aka bi ƙasar nan ƙauye-ƙauye, aka samu masu ita sama da 600,000, aka san tafkunan da ke yaɗa ta. Sannan aka zo da matata da magani da rijiyoyi, kowanne inda ya dace. An ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da rabuwarmu da ita a 2013. Yaran yau ba su ma san sunanta ba. Da an karkatar da kuɗin ƙirgar nan, da yanzu muna nan muna naɗe tsutsa.

Na huɗu gajere ne. Biyan albashi da kuɗin bincike yana sa littafi ya yi ƙarya. A ƙarshen shekara rahoto zai nuna an kashe kuɗin bincike tsaf, ku kuma ku ɗauka an yi aikin. Giɓin albashin da ya jawo haka ya ɓuya, baɗi ma a sake.

Yanzu ga dokar, gwargwadon abin da tsohon malami ya karanta da tabarau. Sashe na 120 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a fitar da kuɗi daga asusun jiha sai da izinin dokar kasafi ko ta ƙwarya-ƙwaryar kasafi, kuma ta hanyar da Majalisa ta tsara. Sashe na 121 ya ce ana ware kuɗin ne domin manufofin da aka ambata a cikin dokar. Wato ba dunƙule kuka ba hukuma kuka ce ta yi yadda ta ga dama ba. Kun ce wannan na albashi, wannan na gudanarwa, wannan na manyan ayyuka, wannan na bincike. Sashen kuma bai bar hukuma cikin ƙunci ba. Ya ce idan abin da aka ware wa wata manufa bai isa ba, ko wata buƙata ta taso da ba a yi mata tanadi ba, a kawo ƙarin kasafi gaban Majalisa. Ita ce ƙofar da na ambata. Dokar 2000 ta ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa, ita ma ta yi magana ƙarara a sashe na 22, ƙaramin sashe na 5: ma'aikacin gwamnati da ya karkatar da kuɗin wani aiki zuwa wani ya yi laifi, hukuncinsa ɗaurin shekara ɗaya ko tarar naira 50,000. Dokar ba ta ce sai idan ya sa a aljihunsa ba. Karkatarwar kanta ita ce laifin, ko da niyyar kirki aka yi ta. Don haka ba duk kanwar ja ba ce.

Amma adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen, domin mun yi gardama a kansa a zaure. Wani matashi a cikinmu, wanda ya yi karatun kimiyya, ya ce, "Baba, ai bincike ba aljani ke yinsa ba. Mutum ne zai ja waya, mutum zai ɗebi ruwa, mutum zai zauna a ɗakin gwaji. In an ce ko sisi kada a ba mutum daga kuɗin, to wa zai yi aikin?" Gaskiyarsa ce. Limaminmu ne ya warware mana. Ya ce ku dubi zakka. A Suratut Tauba, aya ta 60, an lissafa gida takwas da ake ba wa, kuma ma'aikatan zakka suna ciki. Mai yawon karɓarta da mai rabonta suna da rabo a cikinta saboda a kanta suke aiki. Amma sarki ba zai ɗebi zakka ya biya dogaransa ba, ko da dogaran suna aiki tuƙuru, domin ba aikin zakka suke yi ba. Ya ƙara da cewa haka waƙafi yake, ana bin sharaɗin wanda ya bayar.

Wannan ma'auni ya zauna mana. Idan an ɗauki masani na wata shida don wani bincike mai suna, mai farko da ƙarshe, ladansa yana cikin kuɗin binciken. Alawus na kwana a daji ga masu safiyo, da ladan yaran da suka riƙe musu turaku, duk halal ne daga ciki. Tambayar da za a yi a kan kowace bauca ɗaya ce: da babu wannan bincike, da za a biya wannan mutum wannan kuɗi? In amsar a'a ce, kuɗin bincike ne. In kuwa mai gadi ne, ko direban ofis, ko mai kula da injin famfo, wanda ko da bincike ko babu dole a biya shi ƙarshen wata, to wannan albashi ne, gidansa daban. Muna kuma tsoron dabarar da ke iya biyo baya, a ɗauki sunayen ma'aikatan yau da kullum a rubuta "mataimakin bincike" a gabansu don takarda ta yi kyau. Maganin wannan shi ne a nemi rahoton. Binciken da aka biya mutane a kansa dole ya haifi takarda mai sakamako, wadda za a iya ɗauka a karanta.

Kada wani ya ɗauka muna adawa da biyan ma'aikata. Haƙƙinsu ne, kuma addini ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Na san raɗaɗin jiran albashi, na yi shi da iyali a gabana. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dizal da na kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, sannan mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Mun san hukumomi suna cikin matsi. Shugaban da ya ga masu gadi da leburori a ƙofar ofishinsa da yunwa a fuskarsu, ga kuɗi kwance a wani asusu, ba sai ya zama mugu ba kafin ya miƙa hannu. Sai dai wannan taimako yana cutar ma'aikatan su kansu. Muddin ana lallaɓa albashinsu daga gefe, sunansu ba zai shiga kasafi ba, za su tsufa suna 'yan wucin gadi, babu fansho, babu tabbas, kowace shekara suna jiran a sake samun wani asusun da za a taɓa.

Mu ma a ƙaramin matakinmu mun taɓa shiga wannan hali. Muna karɓar ɗan abu a kan kowace jarka, muna tarawa don gyaran famfo. Ladan mai gadin tanki kuwa daga karo-karon magidanta yake fita. Wata shekara amfanin gona bai yi kyau ba, karo-karo ya tsaya, mai gadi ya yi wata uku babu ko kwabo, ga kuɗin gyara a akwati. Ma'ajinmu ya ƙi buɗewa. Ya ce masu kuɗin su zo su faɗa da bakinsu. Aka yi shela, jama'a suka taru a ƙofar mai unguwa, aka faɗi nawa ake so da ranar da za a mayar. Wasu suka ƙi, mafi yawa suka yarda, na rubuta a littafi, mutum biyar suka dangwala. Bayan kaka aka mayar. Mai gadi ya samu haƙƙinsa, akwati ya koma yadda yake, kuma babu wanda ya kalli ma'aji da ido biyu. Awa ɗaya ta ishe mu. Abin da muke nema daga hukuma bai wuce wannan ba, ta zo gaban masu kuɗin, wato ku a madadinmu, ta faɗa da bakinta.

Saboda haka ga roƙonmu, ranku ya daɗe.

Sashe na 128 ya ba ku ikon bincikar yadda ake kashe kuɗin da kuka ware, domin tona almundahana ko sakaci ko almubazzaranci, na 129 kuma ya ba ku ikon kiran kowa ya zo da takardunsa. Ku yi amfani da su. Ku kira dukkan hukumomin ruwa na jiha, kada a ware ɗaya, kowacce ta kawo abin da aka ware mata na bincike da safiyo da gwajin ruwa a shekara uku da suka wuce, da abin da aka sakar mata, da baucocin da aka kashe shi da su, da rahotannin da aikin ya haifar. Mun sa maganar abin da aka sakar da gangan. Ta yiwu wani wuri hukumar ba ta ma ga kuɗin ba, an rubuta a kasafi amma bai fito daga baitulmali ba, kuma bai kamata a ɗora mata laifin da ba nata ba. Ku kuma nemi Odita Janar na jiha ya yi duban da sashe na 125 ya ba shi iko a kan hukumomi, rahotonsa ya zo gaban kwamitin asusun gwamnati.

Inda aka samu an biya albashi da kuɗin bincike, muna roƙon kada a taɓa ma'aikacin da ya karɓa. Ya ci guminsa ne, bai san daga wace tukunya aka ɗebo ba. A mayar da kuɗin gurbinsa ta ƙwarya-ƙwaryar kasafi, a yi aikin da aka tsallake. Sannan a ƙirga 'yan wucin gadin nan da gaske, ido da ido, wanda ake buƙata a sa albashinsa a layin albashi, kowa ya gani.

A dokar kasafin baɗi, ku rubuta shi ɓaro-ɓaro yadda ba ya buƙatar fassara: ba a biyan albashin yau da kullum daga kuɗin bincike, ba a kuma matsar da shi zuwa wani layi sai da amincewar Majalisa a zaman da aka rubuta. Ku fayyace irin ladan da ya halatta daga ciki, a ɗaure shi da bincike mai suna da wa'adi.

Wanda ya fi shafarmu kai tsaye shi ne wannan. Kada a sake biyan ɗan kwangila kuɗin rijiya sai da takarda biyu a manne da baucarsa, ta safiyo kafin haƙa da ta gwajin ruwa bayan haƙa. A ba kwamitin garin kwafinsu da Hausa. Muna da masu karatu a kowane ƙauye, na boko da na ajami, za mu karanta wa jama'a a masallaci. Sakamakon gwajin shekara-shekara kuma a liƙa shi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma daga cikin 27 ɗin nan, a karanta a rediyo, musamman bayan ambaliya. In rijiya ba ta da kyau a faɗa mana. Ba za mu yi tawaye ba, za mu tafasa ruwa, mu sa kulorin, mu koma wata kafin a gyara.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mun san an yi aiki a harkar ruwa a jihar nan, tankunan sola da famfunan tuƙa-tuƙa da ke ƙauyuka shaida ne, kuma muna godiya. Su muke so su ɗore.

Muna gayyatar kwamitin ruwa na Majalisa ya zo garinmu a watan Afrilu, kuma ya iso da asuba, lokacin da layin jarkoki ke kaiwa bakin makaranta. Za mu nuna muku bututun nan mai murfi, da famfon da ke huci, da rijiyar hannun da muka koma wa, wadda har yau ba a gwada ruwanta ba. Littafin kwamiti yana hannuna, da ranakun zuwanmu ofis sau uku da kuɗin motar da jama'a suka tara mana. Duk ranar da kuka kira mu Dutse, zan zo da shi, tare da ma'ajinmu da dattijuwar nan, ta ce ita ma tana da magana.

Wassalamu alaikum. Ku huta lafiya.

Naku,
Sakataren kwamitin ruwa da tsafta,
a madadin kwamitocin ƙauyuka shida na ƙasar Birnin Kudu.